LAUYA A ƘOFAR MASU MULKI: ABIN DA RAYUWAR BABA SOLOMON LAR TAKE KOYA MANA



Akwai wata magana da muka saba ji a zaman dattawa duk lokacin da matsala ta taso, ko ta filin majami'a, ko ta yaronmu da aka tsare, ko ta ɗiyarmu da aka hana gurbin karatu. Kafin a gama addu'ar buɗewa sai wani ya ce, "Ba mu da wani lauya da ya san manya ne?" Ba a cika tambaya ko lauyan ya san doka ba. Abin da ake so a ji shi ne ko gwamna yana ɗaukar wayarsa. Wannan tunani ya zauna a cikinmu ƙwarai, ya kamata mu tsaya mu auna shi. Hanya mafi kyau da muka gani ta auna shi kuwa ita ce mu dubi rayuwar mutumin da, a cikin dukan 'ya'yan ƙananan ƙabilun Arewa, da wuya a sami wanda ya fi shi haɗa aikin lauya da sanin manya, wato marigayi Cif Solomon Daushep Lar, Walin Langtang.

Ba mu zo yin kirari ba, ba kuma mu zo tonon silili ba. Baba Lar ya rasu ranar 9 ga Oktoba 2013 a Amurka yana da shekara 80, shari'arsa tana hannun Mai Shari'a na gaskiya. Namu shi ne mu ɗauki darasi.

DAGA AJI ZUWA MAJALISA, DAGA MAJALISA ZUWA AJI

An haife shi a 1933 a ƙasar Langtang, cikin kabilar Tarok. Ya yi karatun farko a makarantar mishan ta SUM a Langtang, ya wuce kwalejin horon malamai ta Gindiri, ya dawo gida yana koyarwa. A 1959 aka zaɓe shi zuwa Majalisar Wakilai ta Tarayya a Legas a ƙarƙashin jam'iyyar UMBC, wadda Joseph Tarka yake jagoranta, mai neman a ba ƙananan ƙabilun tsakiyar ƙasa jiharsu. Shekara guda kafin wannan, a 1958, Hukumar Willink da Turawa suka kafa don jin koken marasa rinjaye ta ƙi ba da shawarar a ƙirƙiro sababbin jihohi, ta ce a maimakon haka a rubuta 'yancin ɗan Adam cikin tsarin mulki. Wannan shi ne yanayin da ya shiga siyasa a ciki.

Ko da yake ta ƙofar 'yan adawa ya shiga, bai daɗe ba ya sami kansa a cikin gwamnatin Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa, inda ya riƙe ƙaramin muƙami. Tun daga nan aka fara ganin halinsa na mutumin da ya iya zama da kowa. A Janairu 1966 soja suka kifar da gwamnatin, dukan sanayyar da ya tara a Legas ta zama tarihi cikin dare ɗaya.

A nan ne darasi na farko yake. Mutum mai shekara fiye da talatin, mai iyali, wanda ya riga ya ɗanɗana kujerar majalisa, ya ɗauki littafi ya koma aji a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ya sami digirin shari'a a 1970, aka rantsar da shi lauya a 1971, ya buɗe ofishinsa a Jos. Da ya zauna yana jiran tsofaffin abokai su tuna da shi, da ba mu san sunansa yau ba. Juyin mulki ya ƙwace kujera, amma ba wanda ya iya ƙwace abin da ke cikin kansa.

ABIN DA YA YI DA RIGAR LAUYA

A ganinmu shekarun da suka fi ba mu amfani a rayuwarsa su ne waɗanda ba a cika ambata ba, tsakanin 1971 da 1979. A lokacin ne ya haɗa kai da Cif Chimezie Ikeazor da Cif Debo Akande suka kafa ƙungiyar ba da taimakon lauya kyauta ga marasa galihu. Wannan yunƙuri ne ya kai ga dokar soja mai lamba 56 ta 1976, wadda ta haifi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa. Hukumar tana nan har yau. Talakan da aka tsare ba shi da kuɗin lauya, Kirista ko Musulmi, yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa saboda aikin da waɗannan mutane suka yi shekara kusan hamsin da suka wuce.

Yana kuma cikin kwamitin Mai Shari'a Ayo Irikefe na 1975 wanda ya duba batun ƙarin jihohi. Sakamakon aikin kwamitin ne Janar Murtala Muhammed ya mai da jihohi 12 zuwa 19 a Fabrairu 1976, aka raba Binuwai da Filato. Daga nan ya shiga Majalisar Tsara Tsarin Mulki ta 1977 zuwa 1978, inda aka yi zazzafar muhawara a kan kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a matakin tarayya, har wakilai Musulmi da dama suka fice daga zauren na ɗan lokaci. Yana cikin waɗanda suka ƙi amincewa da kotun. A ƙarshe aka daidaita cewa ba za a kafa ta ba, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya za ta ƙunshi alƙalai masana shari'ar Musulunci. Abin lura shi ne da hujja da sashe na doka aka yi wannan kokawa, a cikin zaure, ba da adda a kan titi ba.

GWAMNA, SA'AN NAN FURSUNA

A 1979 jam'iyyar NPP, wadda yana cikin waɗanda suka kafa ta, kuma Dokta Nnamdi Azikiwe ya yi mata takarar shugaban ƙasa, ta ci jihohi uku kacal: Anambra, Imo da Filato. Ranar 1 ga Oktoba 1979 Solomon Lar ya zama gwamnan farar hula na farko na Filato, wadda a lokacin ta haɗa da Jihar Nasarawa ta yanzu. Taken mulkinsa shi ne 'yantarwa, har sunan Mai 'Yantarwa ya bi shi zuwa kabari. Ya ba ƙananan ƙabilu da yawa sarautarsu da gundumominsu, mutanen da suka daɗe a ƙarƙashin hakiman da ba nasu ba suka ga ɗansu da sandar girma. Wanda bai taɓa ganin mahaifinsa ya durƙusa a gaban wanda ba ya jin harshensa ba, ba zai gane abin da wannan yake nufi ba.

Amma mu lura da wani abu da matasanmu masu zafin kai sukan manta. Bai mulki Filato da ƙuri'ar Kirista kaɗai ba. Ya yi aiki da mataimaka Musulmi, cikinsu har da Alhaji Aliyu Akwe Doma wanda daga baya ya zama gwamnan Nasarawa. Manyan abokan tafiyarsa na siyasa a shekarun baya sun haɗa da Alhaji Abubakar Rimi da Malam Adamu Ciroma. Ya gane tun da wuri cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, marasa rinjaye kuwa ba su da abin da ya fi musu haɗari kamar su zama tsibiri.

Wata uku bayan an sake rantsar da shi, ranar 31 ga Disamba 1983, soja suka dawo. Aka gurfanar da shi tare da sauran gwamnoni a gaban kotun soja ta musamman a kan batun kuɗin gwamnati, irin kotun da Ƙungiyar Lauyoyi ta Ƙasa ta ƙaurace wa saboda ba ta bin ƙa'idar shari'a ta yau da kullum. Hukuncin da aka yanke masa jimlarsa ta kai shekara 88. Ya zauna a kurkukun Jos da na Kirikiri, sai bayan Janar Babangida ya karɓi mulki a 1985 aka sake duba shari'o'in, ya fito. A wannan tsakani kuma gwamnatin soja ta soke ƙananan hukumomin da gwamnonin farar hula suka ƙirƙiro a ko'ina cikin ƙasa, aka koma 301 na da. Al'ummai da yawa da suka yi rawa da kiɗa don sun sami hedkwata suka wayi gari ba komai.

Darasi na biyu ke nan. Abin da sa hannun mutum ɗaya ya bayar, sa hannun wani yana iya karɓewa. Kayan aro ba ya rufe katara.

BATUN DA BA MU SON TAƁAWA

Yanzu mu zo inda magana take da nauyi. A Jamhuriya ta Uku Baba Lar ɗan jam'iyyar SDP ne, jam'iyyar Cif Moshood Abiola wanda aka soke zaɓensa na 12 ga Yuni 1993. A Nuwamba 1993 Janar Sani Abacha ya karɓi mulki, ya naɗa fitattun 'yan siyasa a majalisar ministocinsa, irin su Baba Gana Kingibe, Lateef Jakande, Abubakar Rimi da Farfesa Jerry Gana. Solomon Lar ya karɓi kujerar Ministan Harkokin 'Yan Sanda. Yana kan wannan kujera a Yuni 1994 sa'ad da 'yan sanda suka kama Abiola, wanda bai sake fitowa da rai ba. A 1995 ya bar gwamnatin.

Mun ji masu kāre shi suna kawo misalin Obadiya, wanda ya yi aiki a gidan Sarki Ahab, ya kuma yi amfani da matsayinsa ya ɓoye annabawa ɗari a kogo. Sukan ce gara namu yana ciki da a bar wurin ga wasu. Hujja ce mai ƙarfi, ba ma raina ta. Yusufu ya yi aiki a gidan Fir'auna, Daniyel a fadar Babila, Nehemiya yana miƙa wa sarkin Farisa ƙoƙon sha. Littafi Mai Tsarki bai hana mai bi shiga fada ba.

Duk da haka, da ladabi muke cewa a ganinmu shigar nan kuskure ce. Mai mulkin kama-karya ba ya neman dattijo mai mutunci don ya ji shawararsa, yana nemansa ne don ya ara fuskarsa. In ya gama wanke hannu da mutuncinka sai ya zubar da ruwan. Lauyan da ya ɗanɗani kotun soja a 1984 ya fi kowa sanin abin da doka take zama a hannun mai bindiga.

Amma gaskiya ta wajabta mu faɗi ƙarshen labarin. A farkon 1998, lokacin da ake shirin mai da Abacha shugaban farar hula, jam'iyyu biyar ɗin da aka yi wa rajista duk suka nufi tsai da shi kaɗai, 'yan siyasar Arewa 18 suka sa hannu a wasiƙa suna ce masa kada ya gaji kansa. Solomon Lar ne ya ɗauki wasiƙar ya kai. An tsare wasu daga cikin masu sa hannun, kamar Abubakar Rimi da Sule Lamiɗo. Daga wannan rukuni aka faɗaɗa zuwa G34 a ƙarƙashin Dokta Alex Ekwueme. A kwanakin da mutane suke ɓacewa saboda magana ɗaya, dattijon ya ɗauki takarda ya nufi fadar shugaban ƙasa. Sanayyar da ta jawo masa zargi a 1993 ita ce ta buɗe masa ƙofa a 1998. Bambancin shi ne a karo na farko ya shiga ya karɓa, a karo na biyu ya shiga ya faɗi gaskiya.

INUWAR GIGINYA

Abacha ya rasu ranar 8 ga Yuni 1998. A watan Agusta aka kafa PDP, Baba Lar ya zama shugabanta na ƙasa na farko. A Jos aka yi babban taron Fabrairu 1999 wanda ya tsai da Cif Olusegun Obasanjo takara. A Nuwamba 1999 ya miƙa shugabancin ga Injiniya Barnabas Gemade. Da wuya ɗan ƙaramar ƙabila ya kai kusa da mulki fiye da haka.

To, me ya biyo baya a gida? Rikicin Jos na Satumba 2001. Kashe-kashen Yelwa ta Shendam a 2004, maƙwabtan Langtang, inda aka kashe masu bi a cikin majami'a a Fabrairu, aka kuma kashe Musulmi masu yawa a ramuwar gayya a Mayu. Ranar 18 ga Mayu 2004 shugaban da aka tsayar a Jos ya kafa dokar ta-ɓaci a Filato, ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye, ya naɗa Janar Chris Alli. Sai Nuwamba 2008, sai Janairu 2010, sai Dogo Nahawa a Maris 2010. A 2010 aka naɗa Baba Lar shugaban kwamitin ba shugaban ƙasa shawara a kan rikicin Jos, rahotonsa ya bi sahun na Fiberesima, na Niki Tobi da na Bola Ajibola, jini kuwa bai daina zuba ba.

Ba muna ɗora masa laifin waɗannan abubuwa ba ne, Allah ya kiyaye. Abin da muke nunawa shi ne idan mutumin da ya shugabanci jam'iyya mai mulki bai iya sayo wa jiharsa salama da sanayya ba, wane ne wannan ƙaramin lauya na unguwarmu da muke rataya makomar ikkilisiya a wuyansa don yana cin abinci da kwamishina?

Mun ga wannan da idonmu. A wata ikkilisiya da muka yi hidima, wani ɗanmu lauya na kusa da gwamnatin lokacin ya samo mana fili da baki. Dattawa suka ce a nemi takarda, aka ce ba sai an wahala ba, ai namu ne a sama. Zumuntar mata suka yi ta ɗebo ruwa da yashi, matasa suka buga bulo, aka kai gini har linta. Zaɓe ya zo, gwamnati ta sauya, ɗanmu ya sauya jam'iyya ya koma babban birni. Ranar da aka zo aka shafa jan fenti a bangon, ba mu da ko fallen takarda da za mu nuna. Ba mu da wanda za mu zarga sai kanmu.

LAUYOYI BIYU

Sabon Alkawari ya nuna mana lauyoyi biyu. A Ayyukan Manzanni sura 24 akwai Tartulus, wanda babban firist ya ɗauko don ya kai ƙarar Bulus a gaban Gwamna Filikus. Ya fara da zuba wa gwamna yabo, ya ƙare da ƙazafi. Ya san manya, ya san yadda ake shafa musu mai. A wasiƙa zuwa ga Titus sura 3 kuma akwai Zinas, lauyan da Bulus ya ce a taimaka masa a tafiyarsa kada ya rasa komai. Ba a gaya mana wanda ya sani a fada ba, an dai nuna shi abokin aikin bishara ne. Bulus kansa da aka ɗaure shi za a yi masa bulala, bai nemi wanda ya san shugaban soja ba. Ya tsaya a kan 'yancinsa na ɗan ƙasar Roma, daga baya ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Ya san doka, ya yi amfani da ita.

Saboda haka muna roƙon majalisun dattawa su yi tunani a kan waɗannan abubuwa.

Na ɗaya, kowace ikkilisiya ta binciki takardunta a wannan shekara. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, shi ke ba da takardar mallaka a birane, ƙaramar hukuma kuma a karkara. Mun san a wasu jihohi samun wannan takarda don gina majami'a yana da wuya ƙwarai. Duk da haka a rubuta takardar nema, a ajiye kofi mai hatimin karɓa, a adana yarjejeniyar saye da sa hannun shaidu da rasit. A tabbata sunan amintattun ikkilisiya masu rajista ne a kan takarda, ba sunan fasto ko na wani mai kuɗi ba.

Na biyu, mu koya wa jama'armu abin da tsarin mulkin 1999 ya ba su. Sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini ya zama na gwamnati. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini, har da 'yancin sauya shi da yin sujada a fili. Sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, addini ko wurin asali. Mai bi da ya san waɗannan uku ba ya shiga ofis kamar mai bara.

Na uku, mu tura 'ya'yanmu, maza da mata, su karanta shari'a, mu kuma taimaka da kuɗin makaranta daga baikonmu kamar yadda muke yi wa masu zuwa makarantar tauhidi. Idan sun fito, mu biya su haƙƙin aikinsu, kada mu mai da su 'yan aike zuwa gidan gwamnati.

Na huɗu, bagade ba dandalin kamfe ba ne. Ɗanmu da ya sami muƙami ya zo sujada, mu yi masa addu'a, mu ba shi wurin zama kamar kowa. Amma mu yi hattara da ambulan da ke zuwa gab da zaɓe, gama kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Faston da ya karɓa a watan Janairu ba zai iya tsautawa a watan Yuni ba.

Na biyar, ga 'ya'yanmu lauyoyi da ke cikin siyasa, ba mu ce ku fito ba. Muna bukatarku a can. Amma ku riƙe sana'arku da kyau domin ranar da kujera za ta tafi, ku yi abota da maƙwabtanmu Musulmi masu son gaskiya kamar yadda Baba Lar ya yi, ku kuma san tun yau abin da ba za ku sa wa hannu ba ko da za a kore ku. Ku tambayi kanku ko kuna da ƙarfin halin ɗaukar wasiƙa irin ta 1998.

Jam'iyyar da Baba Lar ya shugabanta ta faɗi zaɓen shugaban ƙasa a 2015 bayan shekara 16. UMBC, NPP da SDP ta wancan zamani duk sun shuɗe. Hukumar agajin shari'a da ya taimaka aka kafa tun yana lauya mai zaman kansa kuwa tana nan tana aiki. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana inda ya kamata mu zuba ƙarfinmu.

Ubangiji ya ba shugabanninmu tsoronsa, ya ba dattawanmu hikima, ya ba ƙasarmu salama. Amin.